Bado a Seronga

Ruwanmu ba ya zuwa da damina.
Sai gajimare ya naɗe tabarmarsa,
sai sanyi ya fara cizon yatsu,
sannan yake gangaro mana daga tuddan Angola,
sannu a hankali, kamar tsoho mai ciwon gwiwa,
yana shinshina kowace ciyawa kafin ya wuce ta.

Shekarar da ya tsaya a hanya,
fadama ta tsage kamar faso,
dorinai suka cunkushe a kududdufi guda suna gurnani.
A shekarar muka binne Nametso.
Ta bar mini tukunyar ƙarfe, da sandar tono,
da Seipone, mai haƙora huɗu.
Na taka inda bado yake a da,
ƙasa ta amsa mini kamar ganga.
Na ce shi ma ya tafi.

Ashe barci yake yi a ƙasan taɓo,
dunƙule kamar hannun jariri,
yana jiran taku ɗaya tak.

Yau Seipone ta cika bakwai.
Tana zaune a hancin kwalekwale, ni ina tura gora,
muna bin turbar da dorina ta huda mana cikin dare.
Hantsi na fitowa, fure ya buɗe ido,
shuɗi a baki, ruwan ɗorawa a ciki,
ta ƙirga arba'in da ɗaya, ta ɓata, ta sake daga farko.
Kafin la'asar duk za su rufe ƙofa,
ba sallama.

Ga ƙudan zuma ya faɗa cikin ɗaya, ya fito buɗu-buɗu.
Ga kwaɗo, bai kai farcen babban yatsana ba,
ya share ganye guda ya mai da shi fadarsa.
A ƙarƙashin inuwar, 'ya'yan karfasa sun yi tsit,
zalɓe na tsaye a kansu da ƙafa ɗaya,
ya zura ido, ba ya ganin komai sai kore.
Mazari ya tsoma wutsiya, ya bar ƙwai, ya ƙara gaba.
'Yan ƙananan agwagin nan masu farar fuska
suna nutso suna ɓarke 'ya'yan da suka nuna a ruwa;
ƙwayar da ta kuɓuce wa baki
sai ta yi iyo kwana ɗaya ko biyu, ta nitse inda ta ga dama.
Giwa kuwa ba ta san zaɓe ba,
tumɓuka take, ta girgiza, ta kai baki.

Nametso da ƙafa take laluben saiwa,
ruwa iya ƙugu, fuskarta na kallon sama kamar mai tuna suna.
Ta ciro biyu, ta bar ta uku.
Tswii muke kiransa a nan.
Ta dafa shi da tarwaɗa har ɗacinsa ya sarara.
Nawa har yau bai daina ɗaci ba,
yarinyar tana ci ba ta faɗa.

"Baba, dubi tsuntsu mai ƙafa shida!"

Takabado ne, yana tafiya bisa ganye kamar a tsakar gida,
ƙafafu huɗu sirara suna reto daga ƙarƙashin fikafikansa.
Kada ya ɗaga ido can gefe,
shi ya sa ya kwashe 'ya'yansa a hammata.
Na ce mata namijin ne.
Shi ke kwanci, shi ke reno.
"Ina uwarsu?"
Gora ta maƙale a taɓo, na daɗe ina ja.

Ta tsinko fure da dogon kara,
ta ɓalla karan gaɓa-gaɓa ba ta yanke fatar ba,
kamar yadda ban taɓa koya mata ba,
ta rataya mini a wuya, yana ɗigar ruwa cikin riga.

Sanyi ƙalau.
Na ciro gora, muka nufi gida.
Ganye ya sake haɗewa a bayanmu.