Gwaji na Arba'in da Biyu

Sha ɗayan dare a Tartu, kogi ya daskare.
Helbe na gaban allo, shayinta ya huce.
Manhajar ɗakin karatun gari ce, gobe za a buɗe.

Ta ƙagi mutum, ta ba shi shekara ɗari uku.
Rumbun bayanai ya ce a'a. Madalla.
Ta turo wani marar suna, ya ƙi karɓa.
Ta haifi yarinya ran talatin ga Fabrairu,
ya kore ta tun daga bakin ƙofa.
In gwaji ya ƙare sai a share teburin,
kamar ba a taɓa yin kowa ba.

Kore, kore, har arba'in da ɗaya.
Na gaba ja wur.

Ashe in an goge mai aro,
littattafan da ya ara sai su bi shi.
Ta tuna tsoho Ülo, maƙwabcinta,
da ya rasu da kaka, littafi uku a gefen gadonsa,
ɗaya da tikitin bas a shafi na casa'in.

Tun ran gini ake zane.
Layi guda ta gyara:
mutum ya tafi, a bar sawunsa.

Ta sake gwadawa. Kore.
Ta tashi neman safar hannunta.