Hannun Hagu

Gidanmu yana gindin Misti, a Arequipa,
dutsen da ya haɗiye wutarsa ya koma kallon mutane.
Haka ni ma na koma
tun ranar da ɓarin jikina na dama ya yi mini yaji.

Mu biyu ake ɗaura wa tsumma a wuya a teburin nan:
ni, Anselmo, mai shekara saba'in da huɗu,
da jikata Wayra, 'yar wata bakwai.

Teofila tana da cokalin katako
da bakinsa ya cinye ta gefe guda.
'Ya'ya shida ta rena da shi.
Ta ce, Ku dube su, wa ya rame?
Jariri kunu ake ba shi, a hura, a ɗanɗana,
a ce masa aaa, a goge haɓa.

Nelida, autarmu, ta taso daga aikin asibiti,
ta dafa dankali har ya yi luguf,
ta yanka shi tsaye kamar yatsun manomi,
ta haɗa da fiya da ɗan yankin kabewa,
ta ajiye gaban yarinya, ta naɗe hannu.
Mama, bar ta ta ɗauka.

In ta ƙware fa?
Ga ni kusa, idona yana kanta.
Rabin abincin a ƙasa yake ƙarewa!
To, Mama, kare ma ɗan gida ne.

Ba wanda ya tambaye ni.
Harshena ya yi nauyi,
kafin in haɗa kalma biyu an wuce wurin.
Amma duk gidan nan ni kaɗai na san cokali ta ɗaya bakin.
Yana zuwa ba sallama.
Ba ka haɗiye na farko ba, na biyu yana bakin ƙofa.
Ƙauna ce ke riƙe da shi, na sani,
ƙaunar shekara hamsin,
sai dai ƙaunar tana da wanki a jiƙe, tana da tukunya a wuta.
Ka ƙoshi, ba a gane ba.
Kana so, an kwashe kwano.

Na zuba wa Wayra ido.
Ta kai hannu, dankali ya tsere.
Ta sake kaiwa, ta damƙe, ta matse,
ya fito ta tsakanin yatsu.
Ta kai wa kunne, ta kai wa hanci,
can dai ya sami baki.
Ta yamutsa fuska, ta yi kakari.
Teofila ta zabura har kujera ta faɗi.
Yarinya ta turo lomar waje da harshe,
ta ƙare mata kallo,
ta mayar.

Ni da na noma dankali iri goma sha ɗaya a tudun Chivay,
ja, da baƙi, da wanda sanyin dare ke busarwa,
wata tara ke nan ban taɓa ko ɗaya da hannuna ba.

Cokali ya taso. Na datse baki.
Anselmo, har da kai?

Na ɗaga hagu,
wawan hannun da ban taɓa ba wa amana ba,
na aike shi farantin jikata.
Ya yi ta lalube kamar baƙo a duhu.
Na farko ya suɓuce, kare ya gode.
Na biyu yana da ɗumi,
ɗumin ƙasar da rana ta yini a kanta.
Ya bugi haɓata, ya shafi leɓe, ya shiga.
Na tauna a lokacina.
Wayra ta dube ni, ta ƙyalƙyale,
fiya har a girarta.

Teofila tana tsaye da cokali cike,
ta dubi wannan baki, ta dubi wancan,
duk a rufe, duk suna aiki.
Ta daɗe a haka.
Sannan ta ɗaga kujerarta, ta zauna,
abin da ban gani ba tun da na kwanta,
ta kai cokalin bakinta,
ta ce, Ashe gishiri bai ji ba.
Wata tara, ba ka faɗa mini ba?