Sharar Dare a Manila

Ƙarfe goma na dare nake kama aiki,
hawa na sha tara, a Ortigas,
inda sanyin na'ura ke cizon ƙashi
alhali a ƙasa gari na tafasa.
Sunana Luningning. A katin wuya kuwa
huɗu, bakwai, bakwai, biyu.

Aikina shara, ba tsintsiya.
Ƙazantar da duniya ta zubar da rana
ke biyo waya ta ƙarƙashin teku
ta faɗo gabana a allo.
Daƙiƙa takwas ga kowane hoto:
a goge, ko a bari.
Alƙali yakan ɗage zama sai wata mai zuwa,
ni ko nakan yanke dubu biyu kafin carar zakara.

Jiya wani ya ɗauki maƙwabcinsa yana nutsewa,
hannu ɗaya da waya, ɗayan a aljihu.
Littafin doka ya ce babu jini, a bari.
Na bari.
Yatsa ya bi doka, cikina bai bi ba.

Wai na'ura ba ta da laifi, wuƙa ce,
da mai yanka albasa da mai yanka mutum
duk ita suka saya.
Na ji. Amma ban taɓa ganin wuƙar
da ke tashin mutum cikin dare tana cewa ɗauke ni ba,
balle a biya maƙerinta a kan kowane yanka.

Mai kamfanin, an ce ya gina asibiti a wata ƙasa. Madalla.
Mu nan an ba mu ɗaki da koriyar kujera
da kifi uku a gilashi,
in abin ya yi yawa ka je ka kalle su minti tara.
Rodel ya kalle su wata shida.
Yanzu yana soya ayaba a Cubao,
kuma ba ya kwana sai da fitila.

Bana shekarar zaɓe ce.
An kawo wa unguwarmu shinkafa, kilo biyar-biyar,
fuskar ɗan takara a jikin buhu.
Mahaifiyata ta dafa, muka ci,
ta ce ciki ba ya karatu.
Da dare na tarar da mutumin a allona,
sunaye ɗari uku na yabonsa
da kuskuren rubutu iri ɗaya.
Na nuna wa Perla, shugabar layinmu,
ta ce wannan talla ce, an biya.
Ashe tsakanin ƙarya da talla rasit ne kawai.

Ba na ƙin kuɗi, kar a yi mini ƙage.
Da albashin nan na canza rufin kwano kafin guguwa,
da shi ƙanena Bayani ke karatun jinya.
Abin da na ƙi, a ce mini ni 'yar gida ce
a gidan da ake ƙirga mini mintocin ban-ɗaki.

Yanzu kuma an kawo mini ɗaliba.
Ba ta ci, ba ta sha, ba ta mafarki,
duk abin da na danna tana haddacewa.
Perla ta ce nan da baɗi za ta iya ita kaɗai.
Wani sa'in in yi murna: a bar wa ƙarfe wannan kallo,
idon ɗan adam ba masai ba ne.
Wani sa'in in tuna kuɗin makarantar Bayani.
Kuma ranar da gajiya ta sa na bar abin gogewa,
shi ma ta haddace.

Asuba. Na hau jifni zuwa Marikina.
Wata yarinya kusa da ni tana murza waya tana dariya,
kyanwa ce ta faɗa bokiti.
Allonta fes.
Na miƙa kuɗin mota ta hannunta,
ta miƙa gaba, ba ta ko ɗago ba.