Gugan Haya

A Garwa, bayan kasuwar kifi,
ina da tebur, da dalma, da fitila ɗaya.
Allon lantarkin bai cika tafin hannuna ba,
amma shi ke tashin famfon Inna Gaddo
a bakin Binuwai, kafin albasa ta yi yaushi.

Manhajar ta kowa ce, in ji su,
buɗe kamar rijiyar unguwa.
Gugan ne na haya:
duk ƙarshen wata, sefa dubu tara,
wani injin da ban taɓa gani ba
ya ɗinka min ita daidai wuyan allona.

Wannan watan ban biya ba tukuna.
Famfon bai ji labari ba,
ruwa yana ta zuwa.