Yakan

A ajin dare na Agege, fanka tana tari,
Madam Ajoke ta ja layi biyu da alli:
"Wannan na abin da ya ƙare ne,
wancan na abin da ya taho har yau.
Zaɓi ɗaya. Turanci ba ya zaman tsakani."

Na ɗauko Baba Tanimu.
Shekara arba'in da ɗaya yana yayyafa wa goro ruwa
kafin jirgin asuba ya girgiza rumfa,
ya ware mafi ja ya ajiye wa maigadi.
Watan jiya muka kai shi makwanci.

Da Hausa sai in ce yakan yayyafa,
shi ke nan.
Yakan ba ta tambayar ko mutum na numfashi.

Biro ya tsaya.
Layin farko kabari ne, ni zan sake tura ƙasa.
Na rubuta na biyu.

Ta zagaye shi da ja: "Ba ka ce ya rasu ba?"
Na yi shiru.
Ba ta san wa ya jiƙa huhun goron yau ba,
ko me ke kumatun maigadi.