Takalman Barmo

Ni na ɗinka ƙwallon da ya fara bugawa,
fatar akuya, mafitsarar sa a ciki,
shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari
muka kwashe tukwane muka hau tudu.

Barmo, ɗan mai awon gyaɗa.
Ƙafa duk faso, hagu kamar majajjawa.
Buhu biyu ne raga a bayan sikeli,
Tankari na alƙalanci da usur ɗin gwangwani.
In ya ɗauko ta daga tsakiyar fili
har masu tuyar ƙosai na Bagalam
sukan bar mai ya ƙone.

Wata ranar kasuwa wani Bature mai hular kwano
ya tsaya kallo, ya rubuta a takarda.
Motar gyaɗa ta ɗauke shi kan kaya,
uwarsa Kuluwa na bin ƙura
da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannu.
Daga mota sai jirgin ƙasa, sai na ruwa,
sai garin da rana ke fitowa da kasala.

Hoto ya zo: riga mai lamba goma sha ɗaya,
farar ƙanƙara har idon sawu.
Ya ce suna biyansa don ya yi wasa.
Dattawa suka yi dariya har da tari:
wa ya taɓa cin tuwo da ƙafa?
Amma kuɗin nan suka rufa ɗakin Kuluwa da kwano,
suka aurar da ƙannensa uku.

Shekara tara. Sannan gwiwa ta ce a'a.

Ya dawo da adakar ƙarfe da ɗingishi,
da kofin da bai kai na shan shayi ba.
Ya zauna kan sikelin ubansa
yana ƙirga buhunan wasu.
In yara sun harbo ƙwallo ta gangaro gabansa
sai ya sa hagu ya taɓa ta sau ɗaya,
ta koma inda ta fito kamar an aike ta.

Bara ya kawo mini takalman,
ƙusoshi sun cinye, harshe ya tsage.
Na ce, "Barmo, ina za ka da su?"
Ya ce, "Gyara dai, Nomau."

Na gyara. Na shafe su da man shanu.
Ga su can rataye a ƙusa,
kwana arba'in ke nan da sadakar ukunsa,
ban san wa zan cewa aiki ya ƙare ba.