Ƙarcen Ƙofar Baya

Da hantsi muka kai Fijon Baba Tashar Dukku,
yara biyu na turi, ni a kan sitiyari.
Shekara huɗu ke nan da ya rataye makulli,
ya shiga ɗaki, bai ƙara fitowa ya duba ta.

Babayo mai fenti ya ajiye kofin shayi,
ya zagaya ta sau biyu, bai ce uffan ba,
sai ya ɗora tafi a kan bonet yana shafawa
kamar maɗori na laluben karaya ƙarƙashin fata.

Ya ce, "A gindin maina kuka bar ta.
Ga kashin jemage, ya ci har ƙarfe.
Wannan ƙaron itace ne, wancan aikin rana,
wannan kuwa garin sabulu ne da busasshen tsumma,
wani ya zo gwaninta, ya ɓuge da cuta."

Ni ce wanin.
Na shiga gyaran mayafi har maganar ta kwanta.

Na ce, "Ruwan bula ce." Ya ce, "Wane bulan?"
Ya ɓalle 'yar ƙofar tankin mai da farce,
sai ga shuɗi a ciki kamar yanzu ya bar marina.
"Ga yadda aka haife ta.
Na waje, rana ta yi shekara talatin tana lasa.
Wanne zan haɗa miki, ƙuruciya ko tsufanta?"

Na ciki baƙo ne a wurina.
Na waje na sani, mai tsayawa ƙofar firamare
da ƙurar alli a kujera, da littattafai a but.
Ya gyaɗa kai, ya ɗauko fari yana ɗigawa,
yana tsufar da fenti a gwangwanin madara
har idona ya kasa bambanta.

Kwana uku Manu na gurza da sanfefa,
hannu ɗaya na aiki, ɗaya na tsiyaya daga buta.
Aka cike lotsa, aka rufe gilasai da tsohuwar jarida,
aka jira iska ta faɗi, aka jira a kawo wuta.

Rana ta huɗu ya aiko in zo.
Ƙofar baya ta hagu, ƙasa da mariƙi,
ga harufa uku da ƙusa: L, A, M.
Ina 'yar shekara shida, na kusa kaiwa ga I
inuwar Baba ta faɗo a kan ƙofar.
Na runtse ido ina jiran dorina.
Ya ce, "Lami, M ɗinki ya karkace.
Gobe ki zo da allo mu sake bita."

Babayo ya ce, "Ba don rubutun na kira ki ba.
Duba, ko'ina tsatsa ta taɓa, ban da nan.
Kakin kyandir ne a ciki, shafi kan shafi.
Wani ya yi damina da damina yana tsare wannan ɓarna
don kada ruwa ya shige ta."

Na nemi abin zama. Manu ya miƙo galan.

Bai tambaye ni ba, ya zagaye wurin da salatif,
ya bar tsohon fenti faɗin tafin hannu,
ya fesa masa mai sheƙi, siriri, sau biyu.
"A rumfa za ki ajiye ta, ban ce itace ba.
Ruwa da yawa kafin tsumma ya taɓa ta.
Kashin tsuntsu kada ya kwana.
Wannan ɗan wurin kuwa, ban ƙirga ba, kyauta."

Yanzu tana Bolari ƙarƙashin kwano.
Jiya na iske 'yata a tsugune a ƙofar baya,
tana bin harufan da ɗan yatsa.
Ta ce, "Umma, wa ya rubuta? Bai ƙarasa ba."
Na ce, "Bar shi haka."
Na kwashe ƙusoshin gidan na kulle a akwati,
na sayo kyandir biyu don kada in manta.